Gida na Bakwai a Bakin Kwata

Dokar ni na kawo ta, ni na rubuta ta da hannuna, kuma ni ta kayar warwas. Shi ya sa har yau idan ana taron unguwa na ji bakina yana ƙaiƙayi, sai in jefa goro a ciki in yi shiru.

Unguwarmu a cikin tsohon garin Daura take, a kan ɗan gangare. Kwata ɗaya ce ta ratsa ta, ta taso daga sama wajen masallaci, ta bi ƙofar gidaje tana karkacewa, ta gangara har kududdufin bayan gari. Da rani ba ka ganin komai a cikinta sai leda da ruwan wanke-wanke. Da damina kuwa asirin kowa ta nan yake bi. Duk wanda shaddar gidansa ta cika sai ya zuba wa sama ido. Da zarar ruwa ya kece sai ya huda ɗan rami ta bayan katanga, ya sake ta cikin kwata, ya koma ɗaki ya zauna kamar bai san an yi ba. Na ƙasa su sha wari su yi shiru, domin su ma ranarsu tana tafe. Matsalar ita ce yawancin gidajen ƙasa rijiyoyinsu a ƙofar gida suke, taku uku ko huɗu daga bakin kwatar, ita kuwa idan ta cika ta batse ba ta tambayar kowa hanya.

Wata damina amai da gudawa suka shigo mana. Ba zan tsaya ba da wannan labarin ba domin ba shi da daɗi, akwai gidan da aka yi zaman makokin ƙaramin yaro. Ma'aikatan lafiya suka zo suka zuba magani a rijiyoyi, suka faɗi abin da kowa ya riga ya sani: a daina sakin shadda a kwata, in kuma abin ya fi ƙarfin mutum, to ya sanar da na ƙasa tukuna, su ɗebi ruwa su ajiye, su kewaye bakin rijiyarsu da buhunan yashi. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa don a tsayar da yadda za a riƙa sanarwar.

Aka fara da lasifikar masallaci. Ladan ya ce bakin da yake kiran salla da shi ba zai ambaci wannan abu a lasifika ba, ko da za a tsige shi. Aka koma waya, aka buɗe zauren hira na 'yan unguwa. Mutumin farko da ya rubuta cewa gobe zai saki tasa, abin da ya samu shi ne “Allah ya sanya alheri” da “Amin” da hoton furanni, tsofaffin da ke da rijiyoyin kuwa wayoyinsu na kira ne kawai. Aka gwada aike, sai saƙon ya riƙa narkewa a hanya. A tura mutum da zancen shadda, ya isa ya ce maigida yana gaisuwa, ya juyo abinsa.

A taro na biyu na miƙe. Ni malamin firamare ne, mun saba yin magana babu mai katse mu. Na ce duk wannan wasan yara ne, wanda ya ci tuwon shi ya kamata ya kai labarin inda tuwon ya nufa. Maigida da kansa, da ƙafarsa, gida-gida, ya tsaya gaban kowane maigida na ƙasa ya ce da bakinsa, “Ruwan shaddar gidana zai bi ta ƙofarka.” Ba kwana-kwana, ba aike, ba wakili. Kuma kada wani ya riga shi faɗa, don kada ya samu inda zai laɓe. Aka ce madalla. Na rubuta da babban baƙi, mai unguwa ya sa hannu, aka manna a bangon zaurensa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin dokar nan. Ranar da ta faɗa kan wani attajirin unguwarmu mai shagunan atamfa, har kujera na fito da ita ƙofar gida don kada ya wuce ban gani ba. Ga shi nan da babbar riga da ƙamshin turare, yana bin ƙofofi yana faɗin kalmomina ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kaina ya faɗa ciki-ciki, na sa hannu a kunne na ce, “Alhaji, ban ji ba.”

Bayan damina biyu tawa ta cika. Na nemi mai motar yashe shadda, aka ce motar ta lalace a hanyar Babban Mutum, an tafi neman kayan gyara. Masu yashewa da hannu suka zo suka duba, suka ce ƙasa ta sha ruwa, ko'ina aka haƙa ruwa ne ke ɓulɓulowa, babu inda za a binne abin da aka kwaso. Babbansu ya zagaya da ni bayan katanga ya nuna mini wata tsaga. Ya ce, “Malam, wannan ba sai ka sake ta ba. Ruwa mai ƙarfi ɗaya, za ta saki kanta.” Ya cusa tsumma, ya shafe da laka, ya ce in je in gaya wa mutane tun da sauran lokaci. Ranar Litinin ce, a tsakiyar hutun makaranta.

Gidaje bakwai ne a ƙasa da nawa. Shida na gama su tsakanin la'asar da magariba, aka yi mini dariya na haɗiye. Attajirin nan, duk da gidansa yana sama babu ruwansa, ya sauko ya raka ni gida biyu, wai don ya tabbatar ana ji.

Gida na bakwai na surukina ne.

Mahaifin matata baduku ne, tsoho mai ƙarancin magana, yana wuni a zaure yana ɗinkin takalma da gafakar da ake saka Alƙur'ani. Shekara huɗu da auren 'yarsa, ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na hango shi a hanya tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. A wurinsa ni mutum ne da bai kamata a san yana cin abinci ba, balle abin da ke biyo bayan cin. Rijiyarsa kuwa ita ce ta fi kowace kusa da kwata, daidai inda kwatar take lanƙwasa ruwa ya taru kafin ya wuce. Mahaifinsa ne ya haƙa ta. Ruwanta garai-garai, ko a tsakiyar rani ba ta ƙafewa, kuma tsohon ya yi imani jijiyarta ɗaya da rijiyar Kusugu. Babu mai musa masa, tunda kowa da guga yake zuwa wurinsa.

Kuma a wannan makon 'yata tana gidan. An kai ta yaye wajen kakarta, za ta yi wata guda. 'Yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta a gaban manya, ba na tambayar lafiyarta, in ta taho da gudu ta rungume ƙafata sai in ci gaba da magana kamar ban ji an taɓa ni ba. Amma na san da ruwan rijiyar nan ake dama mata koko, shi take sha, kuma na san girman yaron da aka yi wa makoki a waccan daminar. Kusan sa'anta ne.

Na ce wa matata ta kira mahaifiyarta a waya. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Malam, ba aike, ba wakili. Ko ba haka ka karanta mini har sau uku ba ranar da ka rubuta?”

“Wannan daban ne.”

“Daban da me? Ka je ka gaya wa Baba. Bakinka ai ba ciwo yake yi ba.”

Talata da hantsi na sa riga mai kyau na tafi. Na tuɓe takalmi a ƙofar zaure, na shiga na durƙusa. Yana zaune a kan buzu, kansa sunkuye, yana huda fata da basilla.

“Baba, ina kwana?”

“Lafiya lau, Malam. Ya iyali?”

“Lafiya ƙalau. Ina gajiya?”

“Babu gajiya. Ya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara, Baba.”

Na ji kaina na faɗi haka, ni da na kwana ina roƙon Allah kada a yi ruwa. Muka gaisa a kan aiki, muka gaisa a kan hutu, muka koma kan iyali karo na biyu. Gaisuwa ta ƙare. Na gyara durƙuso, na gyara murya, na ce, “Baba, dama...” Sai ya tsayar da basillar, bai ɗago ba, yana jira. Na dubi farin gashin da ke ƙeyarsa.

“Dama gafaka nake so a ɗinka mini.”

Ya ce, “To. Ja ko baƙa?” Na ce ja. Na fito na sa takalmina ina zufa.

Daga nan ban zarce gida ba, wajen mai unguwa na nufa. Na ce masa na sake nazarin dokar nan, na ga tana da ɗan giɓi, ya kamata a ƙara layi ɗaya da zai ware surukai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce a unguwar nan wa ba surukin wani ba ne? In aka ware surukai, sai dai a je a sanar da kwaɗin kududdufi. Ya nuna mini takardar a bango, da rubutuna, har da layin da na ja a ƙarƙashin “da bakinsa”.

Kafin yamma gidaje shidan duk sun kewaye rijiyoyinsu da buhuna, mata sun cika randuna. Rijiya ɗaya ce ta rage tsirara a bakin kwata. Tsohon nan sau biyar a rana yake wuce waɗannan buhuna in za shi masallaci, bai tambayi kowa komai ba, kowa kuma bai ce masa komai ba, saboda dokata ta hana. Ni kuwa na lallashi kaina da cewa idonsa ne ya yi rauni, mutumin da ke zura zare a allura babu tabarau.

Laraba na wuni ina bita. Na faɗa wa madubi, na faɗa wa tunkiyarmu, ya fita sumul. Kalmomi bakwai ne kacal, ɗan aji biyu zai haddace su. Da la'asar na fito, na tarar an fito da kujeru da tabarmi tun daga ƙofata har gangare. Wani yana cewa a dawo lafiya, wani yana cewa Allah ya buɗe baki. Na wuce ban kula kowa ba.

Muka sake gaisawa daga farko. Wannan karon na daure na kai har “Baba, ruwan...” Sai labulen cikin gida ya motsa, yarinyar ta fito tana tangaɗi, ta riƙe kofin roba da hannu biyu. Tana sha, rabi yana zuba a ƙirjinta. Ta gan ni, ta yi dariya, ta taho kai tsaye ta kafa mini kofin a baki wai in sha. Ina so in fizge kofin in watsar, ina so in tambayi daga ina aka ɗebo, amma ga ni durƙushe gaban kakanta, ba ni da ikon in sha, ba ni da ikon in nuna na san ta. Na kawar da kai. Shi ma ya kawar da nasa wajen bango. Ta gaji ta koma ciki tana ci gaba da shan abinta.

“Ruwan me, Malam?”

“Ruwan... ya lalata mini takalmi, Baba. Ko za a ɗinka mini wani.”

Ya miƙo takarda ya ce in taka. Na taka, ya zagaye ƙafata da fensir a hankali, yatsa bayan yatsa, ni a tsaye a kansa ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar komawa na tsani kaina ƙwarai. Na san abin da na gani a kofin nan ya fi kunyata nauyi, na sani sarai, amma sanin bai buɗe mini baki ba.

Alhamis bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kaɗa kwanon rufi. Na zagaya bayan katanga, na tarar lakar ta jiƙe, tsumman ya kumbura yana tsattsafa. Ina tsaye ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, kafin in juya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na zuba da gudu da 'yar shara a jikina. Rabon da in yi gudu a unguwar nan tun ina saurayi.

Na faɗa zauren da takalmi a ƙafata. Ashe yana da baƙi, wasu dattawa biyu daga Sandamu da suka zo karɓar aiki ruwa ya tsare su. Kuma wallahi abin da ya fara fita daga bakina shi ne, “Baba, ina wuni?” Jikina ne ya yi da kansa, har gwiwata ta kai ƙasa. Ya amsa, ya tambayi iyali. A bayana ina jin kwata ta fara ruri. Sai na miƙe tsaye, na ɗaga murya sama da ƙarar ruwa a kwano, kuma kalmomi bakwai ɗin da na wuni ina bita ko ɗaya bai zo ba.

“Baba, kashin gidana ne ke zuwa! Yanzu zai shiga rijiyarku! Yarinyar nan tana sha!”

Har sunanta na kira, da ƙarfi, sau biyu. Baƙin suka sunkuyar da kai suna nazarin tabarma. Tsohon ya ajiye basilla, ya ce, “To.” Ya dafa bango ya miƙe, ya je kusurwar zaure ya yaye wata babbar fata da ke rataye. Buhunan yashi ne a bayanta, an cika, an ɗaure bakinsu, an jera su har ƙugu.

“Tun ranar Litinin,” in ji shi.

“Baba, kun sani?”

“Mai ɗakinka ta kira uwarta tun kana gida na biyu.”

“To me ya hana a jera?”

“In na jera, ai ka san na sani. Da wane ido za ka sake shigowa zauren nan? Ɗauki, Malam.”

Muka fita mu huɗu, ni da shi da baƙin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, suka naɗe riguna suka kama. Buhun yashi a cikin ruwa nauyinsa ninkuwa yake yi. Kwatar ta riga ta cika a lanƙwasar, ta fara malalowa, kuma ba sai an gaya wa kowa abin da ke cikinta ba, hanci ya isa shaida. Muka jera ta gefen kwata, muka kai rabi. Ruwan ya zo ya daki buhunan, ya tsaya kamar yana shawara, sai ya zagaya ta gefen da ba mu rufe ba, ya haye bakin rijiyar. Na ji ƙarar zubarsa a ciki. Duk da rugugin da ake yi na ji ta, kuma har yau ina jin ta.

Tsohon yana durƙushe a cikin ruwan, da buhu a hannu. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye buhun a inda ya yi niyya, ya miƙo hannu a ba shi wani. Haka muka ƙarasa kewaye rijiyar tsaf, buhu a kan buhu, bayan abin da muke karewa ya riga ya shiga, domin babu wanda ya san me zai yi in ba wannan ba.

Da muka gama na ce, “Baba, yarinyar fa?”

Bai dube ni ba. Ya ce tun Litinin kakarta ta cika randuna, kuma ko na randar ba ta ba ta sai ta tafasa. Na kofin jiya ma shi ne. Na zauna daɓas a cikin laka na yi kuka, a gaban surukina da baƙinsa, ban damu ba. Ɗaya daga cikin dattawan Sandamu ya tambayi ɗan'uwansa a hankali ko haka ake yi a birni.

Washegari ma'aikatan lafiya suka zo, suka leƙa, suka zuba magani, suka ce a yashe ta, kuma kada kowa ya sha har damina ta wuce a sake dubawa. Aka rufe ta da falle-fallen kwano, aka danne da dutse. Masu zuwa da guga suka riƙa isowa su tsaya su duba, su yi wa tsohon jaje, su juya. Ni ma na je jajen, na durƙusa. Ya amsa mini kamar yadda ya amsa wa kowa, ya ƙara da cewa gafakar ta kusa.

Asabar da safe ina tsakar gida sai na ji sallamar mace. Surukata ce, wadda tun ranar suna ba ta taka gidana ba, da yarinyar a goye da ƙunshin kayanta a ka, saura mako biyu wa'adin yaye ya cika. Na rasa inda zan sa kaina, na durƙusa a inda nake. Ta amsa gaisuwata tana kallon wani wuri. Ta ce wa 'yarta ruwan randuna ya ƙare, ita kuma ba za ta ba jikarta ruwan 'yan garuwa da ba ta san inda aka ɗebo ba. Ta kwance goyon, ta tsayar da yarinyar a ƙasa, ta gyara mata riga. Ita da ni ba ma magana kai tsaye, don haka sai ta sunkuya ta yi wa yarinyar, wadda ko “ruwa” ba ta iya faɗa daidai ba.

“Ki gaya wa babanki mun ji sanarwa, mun gode. Ki ce masa tun da na shiga gidan can ina amarya ban taɓa mai da kowa da ƙishirwa ba. Ke ce ta farko.”

Ta yafa mayafinta ta fita, ba ta tsaya an kawo mata ruwa ba.